Soichiro Honda: Ɗan maƙerin da injinsa ke shayar da gonakin Kura da Bunkure

Idan aka ambaci Honda a Kano, kowa da abin da zai faɗo masa a rai. Ma'aikacin gwamnati zai tuna motar Accord da ya daɗe yana tara kuɗinta, ɗan kasuwar Kwari ya tuna janaretan da ke bayan shago, dattijo kuma ya tuna babur ɗin da ya yi samartaka a kansa. Manomin rani a Kura da Bunkure da Garun Malam kuwa, injin ban ruwa ne zai fara zo masa, wanda idan ya ƙi tashi kwana uku a tsakiyar zafin Maris, tumatir da albasar da ya zuba wa jarinsa sai su fara sunkuyar da kai. Kaɗan ne daga cikin waɗannan mutane suka san cewa Honda sunan wani mutum ne, yaron gareji wanda karatunsa bai yi nisa ba, wanda yaƙi da girgizar ƙasa suka rushe masa masana'antu biyu, ya kuma sake tashi daga tushe yana da shekara arba'in a duniya.

Daga maƙera zuwa gareji

An haifi Soichiro Honda ranar 17 ga Nuwamban 1906 a ƙauyen Komyo da ke lardin Shizuoka na ƙasar Japan, kusa da birnin Hamamatsu. Mahaifinsa Gihei maƙeri ne da ya haɗa da gyaran kekuna, mahaifiyarsa Mika kuma masaƙiya ce. Shi ne babba a gidan, don haka tun yana ƙarami yake zuga wa mahaifinsa wuta, yana kallon yadda ƙarfe ke yin ja a saisaita shi. Makaranta ba ta ɗauki hankalinsa ba. Abin da ya ɗauke shi shi ne duk wani abu mai inji. Ranar da mota ta fara ratsa ƙauyensu, binta ya yi da gudu, kuma har ya tsufa bai daina ba da labarin ƙamshin man da ta ɗiga a kan hanya ba. A 1917, da wani matuƙin jirgin sama Ba'amurke mai suna Art Smith ya zo wasan nuna bajinta a Hamamatsu, yaron ya ɗauki keken mahaifinsa ba tare da izini ba, ya tuƙa shi zuwa can, da kuɗin shiga suka gagara sai ya hau bishiya ya yi kallonsa.

A 1922, yana da shekara 15, ya tafi Tokyo koyon kanikanci a wani gareji mai suna Art Shokai, mallakar Yuzo Sakakibara. Duk wanda ya taɓa kai ɗansa gareji ya san yadda ake farawa. Watannin farko ba a bari ya taɓa sifana ba, shara da aike da goyon jaririn maigida su ne aikinsa. Babbar girgizar ƙasar da ta rugurguza Tokyo ranar 1 ga Satumban 1923 ce ta sauya masa matsayi, domin yawancin ma'aikatan garejin sun koma garuruwansu, ga kuma motocin da suka lalace birjik suna jiran gyara. Maigida ya jawo yaron kusa, ya ga hannunsa na da albarka. Shekara guda bayan haka sai ga shi zaune a gefen direba a matsayin bakanike, cikin wata motar tsere da garejin ya haɗa da injin jirgin sama, suka kuma lashe gasar.

Bayan shekara shida yana bauta, a 1928 maigidan ya yaye shi, ya ba shi izinin buɗe reshen Art Shokai a Hamamatsu. Yana da shekara 21 a lokacin. Garejin ya yi suna da karɓar gyaran da wasu suka kasa, har ya samu takardar mallakar fasahar wani gargaren mota mai haƙarƙarin ƙarfe, a zamanin da ake yinsu da katako. Kuɗi suka shigo, ya ci duniyarsa da tsinke, ya kuma ci gaba da tseren mota, har zuwa 1936 da motarsa ta wuntsila a filin tsere na Tamagawa. Ya ji mummunan rauni a fuska da kafaɗa, ƙanensa da ke tare da shi ma ya jikkata. Iyalinsa suka matsa masa ya bar tuƙin tsere.

Ringi uku cikin hamsin

A wannan tsakanin ne ya yanke shawarar barin gyara ya koma ƙira. Ya kafa kamfanin Tokai Seiki domin yin ringin fistin, wato ɗan siririn zoben ƙarfen nan da ke hana inji shan mai da hayaƙi. A ganinsa abu ne mai sauƙi: a narka ƙarfe, a zuba a ma'auni, a goge. Sai ringin suka riƙa fitowa da gautsi, suna karyewa kamar kwalba. Ya tare a masana'anta dare da rana, kuɗinsa suka ƙare, amma abin bai gyaru ba. Da uwar bari ya kai samfurin wurin wani malami a makarantar koyon fasaha ta Hamamatsu, aka auna aka gaya masa cewa ƙarfen nasa ba shi da isasshen sinadarin silikon. Bai ma taɓa sanin ana buƙatarsa ba.

A nan ne mutumin da ya raina karatu ya gane iyakar basirar hannu. Yana da kusan shekara 30, ga mata ga kamfani, ya shiga makarantar yana zama cikin samari yana sauraron darasin ƙarfe. Bai damu da jarrabawa ba, bai kuma fito da takardar shaida ba, abin da ya kai shi kawai ya ɗauka. Ko bayan haka bai tsira daga kunya ba. Da ya kai kayansa kamfanin Toyota, suka zaɓi ringi 50 suka gwada, uku kacal suka tsallake. Ya shafe kusan shekara biyu yana zagaya jami'o'i da masana'antun ƙarfe na Japan kafin ya iya yin kayan da Toyota za ta karɓa da yawa. Daga baya kamfanin ya bunƙasa har ma'aikatansa suka kai kimanin 2,000.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Gwamnati ta sa kamfanin ƙarƙashin ikonta, Toyota ta karɓi kashi 40 cikin 100 na hannun jarinsa. A 1944 jiragen yaƙin Amurka suka yi wa masana'antarsa ta Yamashita ruwan bama-bamai, a Janairun 1945 kuma girgizar ƙasa ta rushe ta Iwata. Da aka gama yaƙi ya sayar wa Toyota abin da ya rage a kan yen 450,000, ya koma gida ya yi kusan shekara guda ba ya aikin komai, maƙwabta na ganin kamar ya lalace ke nan.

Keke mai inji

Japan ta bayan yaƙi ƙasa ce ta yunwa. Jiragen ƙasa a cunkushe, fetur sai a bayan fage, mutanen birni na tafiya ƙauyuka a kan keke neman abinci, ciki har da matarsa Sachi. A 1946 Honda ya ci karo da wasu ƙananan injuna da sojoji suka bari, waɗanda a da suke ba rediyon filin daga wuta. Ya sayi kimanin 500, ya riƙa ɗaura su a jikin keke, da kwanon ɗumama gado a matsayin tankin mai. Matarsa ya fara ba ta gwada. Ta dawo da wandonta duk mai, ya bi sawun matsalar har ya gano daga kafireta take, ya gyara kafin ya fara sayarwa. Saboda ƙarancin fetur har da man saiwar wata bishiya ake surka shi, ga ƙara ga hayaƙi, amma mutane suka yi ta rububi. A watan Oktoban wannan shekara ya kafa ƙaramar cibiyar binciken fasaha a wata rumfa a Hamamatsu. Da injunan sojoji suka ƙare sai ya ƙera nasa a 1947.

Ranar 24 ga Satumban 1948 aka yi wa kamfanin Honda rajista da jarin yen miliyan 1 da ma'aikata 34. A 1949 ya fito da cikakken babur na farko mai suna Dream. Sai dai Honda maƙeri ne, ba ɗan kasuwa ba. Yana bayar da kaya bashi, dillalai na gudu da kuɗi, kamfani na neman durƙushewa alhali kayansa na tafiya.

Mai ƙira da mai lissafi

A wannan shekara ta 1949 wani abokinsa ya haɗa shi da Takeo Fujisawa, ɗan kasuwa da Honda ya girma da shekara huɗu. Suka yi yarjejeniyar da ta riƙe su har shekara 24: Honda ba zai sa baki a harkar kuɗi da talla ba, Fujisawa kuma ba zai sa baki a harkar inji ba. Honda ya miƙa masa hatimin kamfani, ya koma cikin ma'aikata da fararen kayan aikinsa. Shi ya sa aka zaɓi farin yadi ga kowa da kowa a masana'antar, daga shugaba har mai shara, domin datti ya riƙa bayyana a tsabtace wuri.

Fujisawa ne ya warware matsalar dillalai. A 1952, da aka fito da ƙaramin injin Cub mai ja da farin tanki da ake ɗaura wa keke, sai ya aika wasiƙu zuwa ga masu shagon keke kusan 50,000 a faɗin Japan, yana gayyatarsu su zama wakilai, amma da sharaɗin kuɗi hannu kafin kaya. Dubbai suka amsa. A shekarar ce kuma su biyun suka yi kasadar da ta kusa cinye su, suka yi odar injunan yankan ƙarfe na yen miliyan 450 daga Amurka da Jamus da Suwizalan, alhali jarin kamfanin bai kai yen miliyan 20 ba. Hujjar Honda ita ce ba a yin kaya mai kyau da kayan aiki maras kyau.

A 1954 bashin ya zo wuya. Sabon babur ɗinsu mai suna Juno bai karɓu ba, wani samfurin Dream kuma ya riƙa mutuwa a hanya saboda matsalar kafireta. Fujisawa ya tara masu kawo musu kayan haɗi ya roƙe su su yi haƙuri da wani kaso na kuɗinsu, ya shawo kan bankin Mitsubishi, Honda kuma ya tare a kan kafireta har ya gano bakin zaren. A tsakiyar wannan hali ne, cikin watan Maris, ya sanar da cewa kamfaninsa zai shiga gasar tseren babura ta tsibirin Man da ke Birtaniya, wadda ita ce mafi girma a duniya a lokacin. Da ya je kallo a watan Yuni, ya tarar baburan Jamus da Italiya sun ninka nasa ƙarfi. Ya cika jaka da sarƙa da taya da filogi na Turai ya dawo gida ya warware su ɗaya bayan ɗaya. Sai a 1959 suka fara shiga gasar, a 1961 kuma baburan Honda suka kwashe matsayi na ɗaya zuwa na biyar a rukuni biyu.

Amma abin da ya kafa kamfanin da gindinsa ba babur ɗin tsere ba ne. A 1958 suka fito da Super Cub, ƙaramin babur mai tsimin mai, wanda ba ya buƙatar a surka masa fetur da baƙin mai, ba shi da kuloci a hannu, an kuma buɗe tsakiyarsa yadda mai zane ko doguwar riga zai hau ba wahala. An tsara shi ne yadda yaron da ke kai abinci gida-gida zai iya tuƙawa da hannu ɗaya. Fujisawa ya yi hasashen sayar da 30,000 a wata, a lokacin da duk baburan da ake sayarwa a Japan a wata ba su fi kimanin 40,000 ba. Hasashen ya tabbata. Zuwa 2017 an ƙera Super Cub miliyan 100, kuma duk wanda ya dubi siffar ƙananan baburan da ake kira roba-roba a titunanmu zai ga jininsa a jikinsu.

Rigima da gwamnati, rigima da yaransa

A farkon shekarun 1960 ma'aikatar ciniki da masana'antu ta Japan ta shirya dokar da za ta taƙaita yawan kamfanonin mota, ta hana sababbi shigowa, domin a ƙarfafa irin su Toyota da Nissan su iya karawa da na Amurka. Honda ya ƙi amincewa, ya yi fito-na-fito da manyan jami'ai, yana mai cewa gwamnati ba ta da hannun jari a kamfaninsa balle ta zaɓa masa abin da zai ƙera. Ya gaggauta fito da mota kafin ƙofa ta rufe. Abin lura shi ne motarsa ta farko, T360 ta watan Agustan 1963, 'yar ƙaramar a-kori-kura ce ta manoma da masu shago. Bayanta ne ƙaramar motar gayu S500 ta biyo. Dokar ba ta samu wucewa ba. A 1964 kamfanin ya shiga tseren motoci na Formula One, ya kuma ci gasarsa ta farko a Meziko a 1965.

Ma'aikatansa na kiransa Baba, a bayan idonsa kuma suna kiransa Tsawa. Mutum ne mai saurin fushi, wanda idan ya ga ƙusar da ba a ɗaure da kyau ba yakan yi faɗa har ya kai hannu, wani lokaci da abin da ke hannunsa. Waɗanda suka yi aiki da shi ba su ɓoye wannan ba, kuma ba hali ne da za a yaba ba, ko da yake sun shaida cewa dalilinsa kullum ɗaya ne: kuskuren da ma'aikaci ke gani ƙarami, ran wani ne a kan hanya.

Taurin kan da ya ɗaga shi ya kusa kayar da kamfanin. Ya yi imani cewa inji mai shan iska ya fi mai lagireto da ruwa, ya tilasta aka yi motar Honda 1300 a 1969 bisa wannan ra'ayi. Motar ta zo da nauyi da tsada, ba ta yi kasuwa ba. Ƙaramar motarsu N360 da ke kawo kuɗi ita ma ta shiga ƙorafin masu amfani da mota game da lafiyar tuƙinta, cinikinta ya faɗi. Matasan injiniyoyinsa sun san ba za a iya rage gubar hayaƙi yadda duniya ta fara nema ba sai da inji mai ruwa. Ɗaya daga cikinsu, Tadashi Kume, ya yi yaji ya daina zuwa aiki na wani lokaci. Fujisawa, wanda shekara ashirin bai taɓa tsoma baki a harkar inji ba, ya je ya sa abokinsa ya zaɓa tsakanin zama shugaban kamfani da zama injiniya. Honda ya yi shiru, sannan ya zaɓi shugabanci, ya sakar wa yaran mara.

Sakamakon ya zo da sauri. A 1970 Amurka ta kafa dokar tsabtace iska mai tsauri, manyan kamfanoninta suka ce ba za ta yiwu ba. Injiniyoyin Honda suka fito da injin CVCC, mai ƙaramin ɗaki na musamman da wuta ke fara kamawa a cikinsa kafin ta bazu, ta yadda fetur ke ƙonewa sosai. Shi ne injin farko da ya cika sharuɗɗan dokar. Toyota, wadda ta taɓa mayar masa da ringi 47 cikin 50, tana cikin waɗanda suka sayi izinin amfani da fasahar, haka ma Ford da Chrysler. Motar Civic ta fito a 1972, a 1973 kuma farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a duniya, mutane suka koma neman mota mai tsimin mai. Accord ta biyo baya a 1976.

Yadda sunan ya iso Kadawa

Tun kamfanin na ƙarami Honda ke da ra'ayin cewa inji ya kamata ya sauke wa manomi nauyi. A 1953 ya fito da ƙaramin inji na farko da ba na hawa ba, wanda aka ɗora a kan na'urar feshin gona. A 1959 ya fito da ƙaramar garmar inji mai suna F150, a 1965 kuma ƙaramin janareta da ake ɗauka da hannu. A 1983 aka fito da jerin injunan GX, waɗanda su ne zuciyar dubban injunan ban ruwa da janaretoci da injunan niƙa a ƙasashe masu tasowa.

A daidai shekarun da Civic ke fitowa, a nan gida gwamnatin Audu Baƙo na gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Daga ita ne babbar hanyar ruwa ke gangarowa zuwa shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka fara gwajinsa a Kadawa, aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000, daga baya kuma ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Asalin tsarin ba ya buƙatar inji, ruwa ne ke bin gangara daga babbar hanya zuwa ƙanana har bakin gona. Amma ba kowace gona ce ke cikin tsarin ba. Akwai na kan tudu, akwai na ƙarshen layi da ruwa ba ya isa gare su idan ciyawa da yashi sun toshe hanya, akwai kuma masu noma a bakin kogi da fadamu waɗanda kakanninsu da jigo suke ɗebo ruwa. Waɗannan su ne ƙaramin injin fetur ya sauya wa rayuwa, musamman daga shekarun 1980 da hukumar KNARDA da shirye-shiryen Fadama suka yaɗa shi tare da ƙananan rijiyoyin burtsatse. Abin da mai jigo zai wuni yana shayarwa, injin da mutum biyu za su ɗauka, ko a ɗaura a bayan babur, zai gama shi kafin rana ta take. Wani kaso na shinkafar da ake sarrafawa a Kura, da tumatir ɗin da ake lodi a Kwanar Gafan zuwa Kudu, da irin wannan inji aka shayar da su.

Yawancin injunan da ke bakin ruwa a yau ba daga masana'antar Honda suka fito ba. Kamfanonin Chaina sun kwaikwayi fasalin GX har kayan gyaransu na shiga juna, suna kuma sayarwa da araha. Manomi ya san bambancin, ya san na asali ya fi jure wahala da tsimin mai, amma aljihu ke yanke hukunci, kuma kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da sunan da ba nasu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lissafin ya sake sauyawa, wasu sun mayar da injunansu masu amfani da gas, masu hali kuma na komawa ga na hasken rana.

Haka labarin yake a ɓangaren babur. Babur ɗin CG125 na 1975 an ƙera shi ne bayan injiniyoyin kamfanin sun zagaya wasu ƙasashen Asiya sun ga yadda ake labta wa babur kaya da mutane, ba a kuma juyen mai a kan lokaci, sai suka yi injin da zai jure hakan. Shi ma an kwaikwaye shi iya kwaikwaya. A 1979 Honda ta kafa kamfaninta a Najeriya, da masana'antar haɗa babura a Ota ta Jihar Ogun, inda a 2015 aka fara haɗa motar Accord. Sai dai yawancin Accord da ke titunan Kano 'yan kwatano ne, kowane samfuri da laƙabin da 'yan Najeriya suka raɗa masa, daga Hala zuwa wadda ake kira EOD. Masu su na yabon ƙarfin inji da sauƙin samun kayan gyara a Ƙofar Ruwa, makanikai kuma na yawan gargaɗi a kan kula da ƙafar gaba, domin ramukan titi da jabun kaya ba sa raga mata.

Saukar girma

A lokacin aikin CVCC, Honda ya riƙa zuga ma'aikatansa da cewa dama ce ta kamo manyan kamfanonin Amurka. Sai labari ya zo masa cewa matasan na cewa su don lafiyar 'ya'yan da za su shaƙi iskar suke aikin, ba don gasar kamfanoni ba. Abin ya taɓa shi, ya ga cewa yaran sun riga shi hango abin da a da shi ke fara hangowa. Da Fujisawa ya sanar da niyyarsa ta ajiye aiki, Honda ya ce tare suka zo, tare za su tafi. A watan Oktoban 1973 suka sauka rana ɗaya, yana da shekara 66, kamfani na tsakiyar cin kasuwa. Suka miƙa ragama ga Kiyoshi Kawashima mai shekara 45, injiniyan da ya shigo tun ana aiki a rumfa. Tadashi Kume da ya yi masa yaji shi ma daga baya ya zama shugaban kamfanin.

Tun da farko su biyun sun yi alkawarin ba za su shigo da 'ya'yansu kamfanin ba, kuma sun cika. Ɗansa Hirotoshi nasa kamfanin ya kafa daban, mai suna Mugen. Har ma an ruwaito cewa Honda ya yi nadamar sa wa kamfanin sunansa, don kada a ɗauka kayan gado ne. Wannan batu ne da ya cancanci nazari a gari irin Kano, inda aka sha ganin babban shago ko masana'anta ta watse shekara kaɗan bayan rasuwar mai ita, saboda lissafi da amana da sirrin sana'ar duk a kansa kaɗai suke, magada kuma rabo suka sani.

Bayan saukarsa ya zagaya masana'antu da shagunan dillalai da garejojin kamfanin a faɗin Japan, yana musabaha da ma'aikata yana yi musu godiya, ba ya ƙyamar hannun da ke da baƙin mai. Ya ga ranar da aka fara ƙera Accord a jihar Ohio a 1982, abin da ya sa Honda ta zama kamfanin Japan na farko da ya ƙera motar hawa a cikin Amurka. Fujisawa ya rasu a watan Disambar 1988. A 1989, da Amurkawa suka sa sunan Honda a zauren girmama gwarazan masana'antar mota, shi ne Bajapane na farko da ya samu wannan matsayi.

Ya rasu a Tokyo ranar 5 ga Agustan 1991 sakamakon ciwon hanta, yana da shekara 84. Ya bar wasiyyar kada kamfani ya shirya masa gagarumar jana'iza irin wadda ake yi wa manyan attajirai, domin a ganinsa bai dace mai ƙera mota ya jawo cunkoson motoci ya tare wa jama'a hanya ba. Kamfanin ya bi wasiyyar, ya shirya tarukan godiya a ofisoshi da masana'antunsa a madadinta.